PlayStation, Xbox ko Nintendo: me lambobin ƙarfin na'ura ke nufi ga mai saye?

Duk wanda ya taɓa zama a gidan wasan bidiyo a Yamai, Maraɗi ko Damagaram ya san wannan gardama. Wannan ya ce PlayStation 5 ce sarauniya, wancan ya ce Xbox Series X ta fi ta ƙarfi, kowa na jefo lambar da ya gani a waya. Ga mai biyan kuɗin wasan awa ɗaya, hira ce kawai. Ga matashin da ya tara ɗan jarinsa zai buɗe gidan wasa kuwa, maganar kuɗi ce masu yawa, don haka ya dace ya san abin da lambobin ke faɗa kafin ya biya.

Sassa uku ne ke aiki

A cikin kowace na'ura akwai sassa uku da ke yanke ingancin wasa. Na farko shi ne ƙwaƙwalwar lissafi, wadda ake kira CPU. Ita ke sanin inda ƙwallo za ta faɗa da yadda ƴan wasa 22 za su motsa. Na biyu shi ne sashen zane, wato GPU, mai zana ciyawa da inuwa da fuskoki. Na uku ma'ajiya ce, inda wasan ke zaune, kuma saurinta ne ke yanke tsawon jira kafin a fara.

Lambar da aka fi yin tutiya da ita, teraflof, ta sashen zane ce kaɗai. Teraflof ɗaya na nufin lissafi tiriliyan ɗaya, wato biliyan dubu, a cikin sakan guda. PlayStation 4 ta 2013 tana da 1.84. A watan Nuwamban 2020 PlayStation 5 ta fito da 10.28, Xbox Series X da 12.15, ƙanwarta Series S kuma da 4.

Me ya sa 12 ba ta kayar da 10 ba?

Kamfanin AMD ne ya ƙera zuciyar PS5 da ta Series X, kuma zubinsu ɗaya. Kowace tana da CPU mai sassa 8 da ƙwaƙwalwar aiki mai gigabait 16. Bambancin yana cikin sashen zane: Microsoft ya sa rukunoni 52 masu tafiya a gigahaz 1.825, Sony ya sa 36 masu iya kai 2.23. Kamar teloli biyu ne da sallah ta matso, ɗaya ya ɗauki yara da yawa, ɗayan ya ɗauki kaɗan masu saurin hannu. A takarda ratar ta kai kusan kashi 18 cikin ɗari, amma a yawancin wasannin da suka fito a kan dukkan biyun, sai an tsayar da hoto an ƙura ido kafin a gane ta. A wajen ma'ajiya ma PS5 ce a gaba: tana karanta gigabait 5.5 a sakan, Series X na karanta 2.4.

Lambar tana ƙara ruɗarwa idan zamani ya bambanta. Xbox One X ta 2017 tana da teraflof 6, ta fi Series S a takarda. Duk da haka akwai sababbin wasannin da Series S ke ɗauka, One X ba ta iyawa, saboda CPU ɗinta tsohon zubi ne, ma'ajiyarta kuma faifai mai juyawa. Nintendo Switch ta 2017 ko teraflof ɗaya ba ta kai ba, amma an sayar da fiye da miliyan 150, domin wasanninta mutane ke bi.

Talabijin ɗinka ne ke da ta cewa

Hoto ɗigo-ɗigo ne. Allon 1080p yana da ɗigo kusan miliyan 2, na 4K kuma fiye da miliyan 8, ninki huɗu ke nan. Mafi yawan ƙarfin manyan na'urorin a wajen cika waɗannan ɗigo yake tafiya. Idan talabijin ɗinka 1080p ce, ka sayi babban doki ne ka ɗaure shi a turke. PS5 Pro da ta fito a 2024 a kan dalar Amurka 699 ma haka take: ba a ganin cikakken amfaninta sai da babban allon 4K.

Abin da hannu ya fi ji shi ne yawan hotunan da ake nunawa a sakan. A 30, kowane hoto na ɗaukar kusan milisakan 33. A 60 bai kai 17 ba, shi ya sa ɗan wasa ke amsa umarni da wuri. Wasanni da yawa a yau suna ba da zaɓi tsakanin kyan hoto da santsin motsi, kuma mai buga ƙwallo ko wasan dambe ya fi morar santsin. Don samun 120 tare da 4K kuwa, dole talabijin ta kasance da mashigar HDMI 2.1.

Lissafin da talla ba ta yi

PS5 da Series X na iya jan wutar da ta kusan wat 200 a wasa mai nauyi, Series S ba ta kai rabin haka ba. Ga mai na'ura biyar da ke komawa kan injin wuta ko batirin sola idan lantarki ya ɗauke, wannan kuɗin mai ne na kullum. Wutar da na'ura ta ja kuma zafi take komawa, ga bazarar da ke wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe hanyar iska.

Series S ta fi araha, da dala 299 ta fito lokacin da manyan ke 499, sai dai ba ta da gurbin faifai. Kowane wasa sai an sauke shi ta intanet, kuma manya daga cikinsu na wuce gigabait 100. Ga inda ake sayen data da awo, ana kuma musayar faifai na hannu, arahar na iya komawa tsada.

PS4 ta hannu fa? Har yanzu tana ɗaukar EA Sports FC, wasan da aka sani da FIFA kafin 2023, kodayake wasu sababbin abubuwan ba sa cikin nata. Amma manyan wasanni na barin ta: an sanar da GTA VI ne a kan PS5 da Xbox Series kawai.

Saboda haka kafin ka tambayi teraflof, tambayi kanka abu huɗu: wane wasa masu zuwa wurinka ke nema, wace talabijin gare ka, wace wuta za ka dogara da ita, ta ina kuma za ka samu wasannin. Wanda ƙwallo ce kasuwarsa a kan allon 1080p, PS4 biyu na iya kawo masa ciniki fiye da PS5 ɗaya a bana. Wanda ke hangen shekara uku zuwa biyar, gara ya jure ya sayi ta sabon zamani, ya kuma ware kuɗin na'urar daidaita wuta da fanka tun daga ranar farko.