Ƙugiyar da Ta Rasa Gurbi a Kibod

A shagunan buga takardu na Wuse da Garki, ka miƙa rubutun Hausa a buga maka, sau da yawa "baƙi sun iso" zai dawo "baki sun iso", ƙasa ta koma kasa. Mai bugun bai yi ganganci ba. Allon da ke gabansa ne ba shi da ɓ, ɗ da ƙ.

Wannan jeri na QWERTY, Christopher Sholes ne ya tsara shi a Amurka, kamfanin Remington ya fara sayar da tafireta mai ɗauke da shi a 1874, domin Turanci kawai. Haruffanmu masu ƙugiya kuwa sai a shekarun 1930 suka zauna da gindinsu a boko, zamanin Rupert East a Zariya. Sun zo sun tarar an gama rabon gurabe.

Abin haushin, ga gurabe nan zaune banza. Bahaushe ba ya taɓa q, v da x, p ma sai a sunayen aro. To me zai hana a ba ɓ gidan v, tunda dama maƙwabcin b ne, ɗ kuma ta gaji x? Wurin ƙ ne ake bukatar natsuwa. Da yawa za su ce a ɗora ta kan q, amma q da a duk ƙaramin yatsan hagu ke danna su, ga shi "ƙa" ta cika bakinmu: ƙasa, ƙafa, ƙauye, ƙarfe. Yatsa ɗaya, mafi rauni, zai riƙa tsalle biyu a jere, alhali a ɗin kaɗai ta ishe shi wahala, don babu harafin da Hausa ke maimaitawa kamarta. A ganina gidan p ya fi, hannun dama ya buga ƙ, na hagu ya amsa da a.

Waƙafin sama kuwa harafi ne a wurinmu, kamar yadda yake a 'ya'ya da sa'a. Shi ma yana can gefe, a bakin ƙaramin yatsan dama.

Haruffan suna cikin Unicode tuntuni, a waya ma in ka sa Gboard na Hausa za ka same su. Abin da ya rage shi ne tsari guda da kowa zai bi, har da mutanen Nijar masu rubuta ƴ inda muke sa 'y. Masu iya fitar da shi kuwa ba su da nisa: hukumar NITDA mai kula da fasahar sadarwa na nan Abuja, NERDC mai kula da manhajar karatu na Sheda. Sai dai duk tsarin da za su fitar, kada ya yi nisa da QWERTY, domin mai bugun nan na Wuse, da ya gama takardarka, wasiƙar Turanci ce ke jiransa.