Zaɓen Bindigar Harbin Tsuntsaye a Wajen Maharban Birnin Kudu da Gwaram

3.4.0 Shimfiɗa

A sashen da ya gabata an yi bayani a kan kayan farauta na gargajiya, irin su kwari da baka da tarko da asuta da kuma kan burtu da maharbi ke ɗaurawa a goshi don ya yaudari namun daji. A nan kuma za a dubi bindiga, musamman wadda ake harbin tsuntsaye da ita, da abubuwan da maharbi ke dubawa kafin ya zaɓe ta. An fi ba da ƙarfi a kan bindiga mai ɗura kanta, wato wadda da zarar an harba sai ta tofar da kwanson da kanta, ta kuma saka sabon harsashi. Dalili kuwa shi ne, ita ce matasan maharba suka fi kwaɗayi, kuma ita ce suka fi jahiltar matsayinta a doka.

3.4.1 Wurin Farauta da Irin Tsuntsayen

Ba a zaɓen bindiga sai an san abin da za a harba da kuma inda za a harbe shi. Ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram suna kudancin Jihar Jigawa, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Kano a ranar 27 ga Agusta, 1991, kuma dukkansu suna ƙarƙashin masarautar Dutse, suna maƙwabtaka da Jihar Bauchi. Ƙasar ta bambanta da arewacin jihar mai jigayi da rairayi. A nan akwai duwatsu, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude na Birnin Kudu masu zane-zanen mutanen da, akwai fadamu a bakin rafuka, akwai kuma sauran kurmi nan da can.

Tsuntsayen da aka fi nema su ne zabon daji da fakara da kurciya da hasbiya, sai kuma kirinjijiya da dinya a wuraren da ruwa ke kwanciya. Kowane da halinsa. Zabo ya fi son gudu da ƙafa, ba ya tashi sai an matsa masa, ga shi da kaurin gashi, don haka ƙananan ƙwayoyin harsashi ba su cika kayar da shi daga nesa ba. Fakara takan lafe a ciyawa har sai mutum ya kusa taka ta, sannan ta tashi fir. Ita kuwa hasbiya da kurciya saurin tashi ne makaminsu. Mafi yawan wannan farauta ana yin ta ne daga kaka, bayan an kawar da amfanin gona, zuwa ƙarshen hunturu. Wannan batu na lokaci yana da muhimmanci, domin lokacin ƙura ne, kuma za a ga yadda ƙura ke shafar zaɓen bindiga nan gaba.

3.4.2 Bindigogin da Aka Saba da Su

Ta farko ita ce bindigar toka, wadda wasu ke kira adaka, wasu kuma harbi-ka-ruga. Ta baki ake ɗura mata albarushi da ƙwayoyin ƙarfe ko na darma, a daddanna da tsinke. Sunan nan na ƙarshe ma kaɗai ya isa bayani: harbi ɗaya gare ta, in an kuskure sai a nemi mafita. Amfaninta shi ne araha, kuma maƙeri na iya gyara ta. Aibinta kuwa, jinkirin ɗuri, da ƙin tashi idan albarushi ya ji sanyi, da kuma haɗarin fashewa idan an cika mata ɗuri.

Ta biyu ita ce bindigar Turawa mai karyewa, mai baki ɗaya ko mai baki biyu. Ana karya ta daga tsakiya a saka harsashi mai kwanso, a mayar a rufe. Ƙirar Baikal ta ƙasar Rasha tana cikin waɗanda suka fi yaɗuwa a Afirka ta Yamma saboda juriyarta. Ba ta da kayan ciki da yawa, don haka ba ta cika lalacewa ba. Haka kuma idan an karya ta an rataya a kafaɗa, kowa na ganin ba za ta tashi ba, wanda hakan kwanciyar hankali ne ga abokan farauta.

Akwai kuma mai zugewa, wadda ake jan hannunta baya a tura gaba bayan kowane harbi. Mutane da yawa kan rikita ta da mai ɗura kanta, alhali kuwa ita da hannu ake ɗura ta.

3.4.3 Bindiga Mai Ɗura Kanta

Ya kamata a fara da gyara wata fahimta. Wannan bindiga ba mashin-gan ba ce. Kowane harbi sai an ja kunama sau ɗaya. Abin da kawai take yi da kanta shi ne fitar da kwanso da saka sabon harsashi daga wani bututu da ke ƙarƙashin bakinta, wanda galibi yakan ɗauki harsashi huɗu ban da wanda ke ciki. Wani Ba'amurke mai suna John Moses Browning ne ya fara ƙera wadda ta karɓu, mai suna Auto-5. Ya tsara ta a 1898, kamfanin FN na ƙasar Beljiyam ya shiga ƙera ta a farkon ƙarni na 20, ba a kuwa daina ba sai a 1998.

Hanyoyi uku ne irin waɗannan bindigogi ke bi wajen ɗura kansu, kuma a nan ne zaɓe yake. Ta Browning da ƙarfin naushin harbi take aiki, wato bakin bindigar gaba ɗaya ne ke ja da baya sannan ya dawo. Wannan tsohon yayi ne yanzu. Hanya ta biyu ita ce ta hayaƙi. Akwai 'yar ƙofa a jikin bakin bindigar da ke ɗibar wani kaso na iskar albarushin da ya ƙone, iskar ta tura wani ƙarfe baya, shi kuma ya yi aikin ɗurin. Remington 1100 da ta fito a 1963 ita ce ta shahara da wannan tsari. Daɗinta shi ne ba ta dukan kafaɗa sosai, amma tana tara baƙin hayaƙi a ciki, don haka tana son wanki a kai a kai. Hanya ta uku ita ce wadda aka san kamfanin Benelli na Italiya da ita, inda wata ƙaƙƙarfar waya mai lauje a cikin ƙarfen rufi ke matsewa lokacin harbi, sannan ta saki ta tura shi baya. Wannan ba ta cika datti ba, ga rashin nauyi, sai dai ta fi dukan kafaɗa, kuma idan harsashin mai rauni ne ko ba a dafe gindinta da kyau ba, takan ƙi ɗurawa.

To, idan aka auna waɗannan da yanayin Birnin Kudu da Gwaram, za a ga matsala. Ƙurar hunturu idan ta haɗu da man da aka shafa wa bindiga da kuma baƙin hayaƙi, takan zama kamar taɓo, bindigar ta riƙa cijewa. Maharbin da ya fito daga Sara ko Babaldu da asuba a kan babur, ya keta burji, ba ya isa daji sai ƙura ta shiga ko'ina. Ta wannan fuska mai waya ta fi mai hayaƙi dacewa. Amma dukkansu, idan wani ɗan ƙarfe ya karye a ciki, ba aikin maƙerin gari ba ne, kuma kayan gyaranta ba a kasuwar ƙauye suke ba.

Akwai kuma batun harsashi. Tsofaffin maharba suna ƙirga farauta da yawan naman da kowane harsashi ya kawo, shi ya sa mutum zai yi sanɗa mai tsawo har sai zabi sun taru wuri ɗaya kafin ya saki. Bindigar da ke ba mutum damar harbi biyar a jere takan koya masa gaggawa. A ganin mai wannan bincike, wannan shi ne babban aibinta a wajen wanda farauta ce sana'arsa, domin harbi na uku da na huɗu galibi bayan tsuntsu ake yin su, lokacin da ya riga ya wuce inda harsashi ke kisa. Sakamakon shi ne asarar kuɗi da kuma tsuntsayen da ke tafiya da rauni su mutu a banza, ba a yanka ba balle a ci.

3.4.4 Faɗin Baki da Girman Ƙwaya

Ko wace iri mutum ya zaɓa, akwai ma'aunan da dole ya sani. Na farko shi ne lambar baki. Idan aka ce bindiga lamba 12 ce, ana nufin idan aka mulmula darma daidai faɗin bakinta, guda 12 ne za su yi laba ɗaya. Ke nan lamba 20 ta fi lamba 12 ƙanƙanta, ba girma ba, kamar yadda wasu ke zato. Faɗin lamba 12 ya kai kimanin milimita 18.5, kuma harsashinta ne aka fi samu. Haɗari ne babba a haɗa harsasan biyu a jaka ɗaya, domin na lamba 20 yana iya zurmawa cikin bakin lamba 12 ya maƙale, idan aka saka wani a kai aka harba sai bakin ya fashe. Haka nan tsawon kwanso, akwai mai milimita 70 akwai mai 76, kuma ba a saka dogo a bindigar da aka yi don gajere.

Ƙwayoyin da ke cikin harsashi su ma haka lissafinsu yake, wato in lamba ta ƙaru ƙwaya ta ƙanƙance. Lamba 7 ko 8 ta isa kurciya, zabo da fakara kuwa sai 4 zuwa 6, dinya tana son wadda ta fi haka kauri. Sannan akwai matsin bakin bindiga daga can ƙarshe. Mai matsattsen baki takan tara ƙwayoyin su je nesa a dunƙule, mai buɗaɗɗe kuma ta watsa su tun daga kusa. Mai bin fakara cikin ciyawa buɗaɗɗe ya fi yi masa. A nan bindiga mai baki biyu tana da wata fa'ida da mai ɗura kanta ba ta da ita, domin galibi bakinta ɗaya buɗaɗɗe ne ɗaya matsattse, maharbi ya zaɓi wanda ya dace nan take. Duk da haka, babu ɗayansu da ake dogaro da kisanta idan an wuce kimanin mita 40.

Ita kanta darmar guba ce. Mutanen Arewa sun ga haka a 2010, lokacin da gubar darma daga haƙar zinariya ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara. Tsuntsayen ruwa kan haɗiye ƙwayoyin da suka zube a fadama suna zaton tsakuwa ce, shi ya sa Amurka ta hana harbin agwagin ruwa da darma tun 1991. Wannan abin lura ne ga jihar da ke da dausayin Baturiya, inda tsuntsaye ke zuwa daga Turai kowace shekara.

3.4.5 Matsayin Doka

Duk bayanin da ya gabata yana tsayawa ne a kan wannan gaɓa. Dokar Bindigogi ta 1959, wadda har yanzu da ita ake aiki a Nijeriya, ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko haramtattu ne, ba mai riƙe su sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Kashi na biyu su ne na amfanin kai, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Na uku su ne masu ɗuri ta baki, irin bindigar toka, waɗanda aka bar sha'aninsu ga Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha da amincewar Gwamna.

Abin da maharba da yawa ba su sani ba shi ne, da dokar ta zo lissafa bindigogin tsuntsu a kashi na biyu, sai ta togace masu ɗura kansu da duk wadda ke da wata na'urar ɗuri a jikinta. Ta kuma ce duk bindigar da ba ta cikin kashi na biyu ko na uku, to ta faɗa na farko. Ma'ana, mai ɗura kanta da mai zugewa suna layi ɗaya da bindigar soja a idon doka, kuma hukuncin riƙe irinsu ba izini ɗauri ne da bai gaza shekara 10 ba. Wannan ne ya sa kamun da jami'an kwastan suka yi wa bindigogi masu zugewa 661 a Legas a watan Janairun 2017 ya zama babban labari. Ko lasisin mai baki ɗaya ma ya yi wuya, domin a watan Agustan 2023 muƙaddashin Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya ba da sanarwar dakatar da bayar da sabon lasisi saboda yawaitar makamai a hannun jama'a.

A ƙasashen da aka yarda a yi farauta da ita ma ba a sake ta haka nan ba. Tun 1935 dokar Amurka ta ce bindigar harbin tsuntsaye masu ƙaura kada ta ɗauki fiye da harsashi uku, sai an toshe ragowar wurin. Dalilinsu shi ne kare tsuntsayen daga ƙarewa. Mu ma nan ba baƙin wannan matsala ba ne. Gauraka, wadda ake ɗauka tsuntsuwar ƙasa ce a Nijeriya, ta kusa ɓacewa daga dazuzzukanmu, tuje ma sai an tona kafin a sami matashin da ya taɓa ganinsa. Bahaushe tun asali yana da tsuntsayen da ba ya taɓawa, kamar shamuwa mai albishir da damina da belbela mai bin shanu, kuma Sarkin Baka yana da ikon tsawata wa wanda ya keta. Amma wannan al'ada ta ginu ne a zamanin da maharbi ke da kibiya ɗaya a tsirkiya ko ɗuri ɗaya a bindiga.

Saboda haka, zaɓin da ke gaban maharbin Birnin Kudu ko Gwaram a zahiri bai wuce biyu ba: bindigar toka, ko kuwa mai karyewa ga wanda ya riga ya mallaki lasisi yana kuma sabunta shi. Wanda dillali ya kawo wa mai ɗura kanta a ɓoye, ko da a rabin kuɗinta ne, ya sayi abin da ba zai iya nuna wa Sarkin Baka a bainar jama'a ba, ba kuma zai iya wucewa da shi ta shingen 'yan sanda a hanyar Kano zuwa Maiduguri ba, wadda ita ce ta ratsa Birnin Kudu.