Bashin Filin Wasa: Tsakanin Montiriyal da Los Anjalis

Gina babban filin wasa da kuɗin hukuma al'amari ne da kan zo da kirari mai daɗi. Akan ce zai jawo baƙi, ya buɗe kasuwa, ya ɗaukaka sunan gari. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne wanda zai ɗauki hasara in lissafi ya ƙi ci, alhali kuwa nan gizo ke saƙar.

A shekarar 1970 ne aka bai wa birnin Montiriyal na ƙasar Kanada damar shirya wasannin Olimfik na 1976. Magajin garin, Jean Drapeau, ya bugi ƙirji ya ce faɗuwar wasannin daidai take da namiji ya haihu. Aka ɗauko wani mai zanen gini daga Faransa, Roger Taillibert, ya tsara fili mai doguwar hasumiya da rufi mai buɗewa da rufewa. Sai dai ranar buɗe wasa ba ta ɗaguwa, kuma 'yan kwangila da ma'aikata sun san haka. Ga yajin aiki, ga hauhawar farashi, ga gini mai wuyar sha'ani. Tun da birnin ne ya sa hannu zai biya ko nawa aikin ya ci, duk jinkiri a wuyansa ya faɗa. A 1975 gwamnatin lardin Kwibek ta karɓe aikin, amma duk da haka aka yi wasannin ba hasumiya ba rufi, sai a 1987 aka kammala su.

Don biyan bashin, wanda ya zarce dalar Kanada biliyan 1, aka ƙara haraji a kan taba sigari. Watau mashayin taba da bai taɓa leƙa filin ba shi ma ya ba da nasa kason. Ba a gama biya ba sai 2006, shekara biyu bayan ƙungiyar ƙwallon Expos, wadda ke haya a filin, ta yi ƙaura zuwa Washintan. Har ila yau, a 2024 gwamnatin lardin ta ware dala miliyan 870 don sabon rufi.

Gani ga wane ya sa mutanen Los Anjalis ta Amurka suka yi taka-tsantsan da aka zo batun wasannin 1984. A 1978 suka kaɗa ƙuri'a suka gyara dokar birnin, yadda ba za a taɓa baitulmalinsu don cike giɓin wasannin ba. Kwamitin Olimfik na Duniya bai so haka ba, amma babu wani birni da ke nema, dole ya haƙura. Wani kwamiti mai zaman kansa a ƙarƙashin Peter Ueberroth ya ɗauki nauyin, ya sayar da haƙƙin nuna wasanni a talabijin, ya jawo kamfanoni, sa'an nan ya yi amfani da tsohon filin Coliseum da aka buɗe tun 1923. Aka tashi da rarar da ta haura dalar Amurka miliyan 200.