Suma Daban, Mutuwa Daban: Kalmomin Tayar da Abin da Ya Faɗi

Mai sauraron labarai a rediyo ya san "farfaɗo da" ta zama tuwon kullum a bakin 'yan jarida: za a farfaɗo da masaƙu, da noma, da ilimi. Kalmar kuwa ta bakin gadon majinyaci ce. Wanda ya suma ake yayyafa wa ruwa ya farfaɗo. Gawa ba ta farfaɗowa.

Hausa ba ta yi rowar kalmomi a nan ba, kowace ɓarna da sunan gyaranta. Ƙashi ya karye, sai ɗori. Jarin ɗan kasuwa ya karye, sai neman tayar da komaɗa. Mace ta yi yaji, miji ya aika biko. In saki ne, akwai kome kafin idda ta cika, in dai bai kai uku ba. Sarki kuwa tuɓe shi ake yi, kamar yadda gwamnatin Kano ta yi wa Muhammadu Sanusi II a Maris na 2020, wata gwamnatin ta maido shi a Mayun 2024.

Har ƙirar kalmomin tana da abin faɗi. A 1960 F. W. Parsons ya kasa aikatau na Hausa aji bakwai. Aji na shida, mai ƙarewa da -o, shi ke janyo aiki zuwa inda mai magana yake: komo, dawo, maido, farfaɗo. Ke nan abin ya yi nisa ne, yanzu ya juyo gida. Aji na huɗu, mai -e, yakan nuna aikin ya ci abin ɗungurungum, shi ya sa kishiyoyin suka taru a can: rushe, ruguje, wargaje, lalace, durƙushe. Kada dai ɗalibi ya mai da wannan doka, don ɗinke ɓaraka ma da -e take, gyara ce kuma.

To, masaƙar Kaduna Textiles, wadda aka buɗe a 1957 ta kuma rufe a 2002, suma ta yi ko mutuwa? Injin da ya haura shekara ashirin bai juya ba ya wuce yayyafin ruwa. Irin wannan sai dai a sake ginawa, ko a kafa sabuwa, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba ne da na farfaɗowa.

Editocinmu, kafin ku buga kalmar, ku fara taɓa jijiyar abin ku ji ko tana harbawa.