Ali Nuhu: Ɗan Jihar Gombe da Waƙa ta Ɗaukaka, ta Kuma Ja Masa Magana

Duk wanda ya zaga garin Gombe, daga Jekadafari zuwa Bolari ko Pantami, ya tsaya a wurin masu tura finafinai a waya, da wuya ya tashi bai ji an ambaci Ali Nuhu ba. Gombawa kuwa suna da wata gadara a kansa wadda Kanawa ba su iya ƙwace musu, watau asali. Gaskiya ne a Maiduguri aka haife shi ran 15 ga Maris, 1974, ya kuma tashi tsakanin Jos da Kano, amma mahaifinsa mutumin Balanga ne, wadda take cikin Jihar Gombe tun da aka yanke jihar daga Bauchi a 1996. Mahaifiyarsa 'yar Bama ce ta ƙasar Barno, daga farkon haruffan sunanta kuwa ya ciro sunan kamfaninsa, FKD.

Ba wasan kwaikwayo ya karanta ba. Ilimin labarin ƙasa ya yi wa digiri a Jami'ar Jos. Ya fara fitowa ne a fim ɗin Abin Sirri Ne a 1999, shekara tara bayan ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta buɗe wannan fage da Turmin Danya. Ba a jima ba sai ga Sangaya na kamfanin Sarauniya, inda ya fito ɗan sarki, Fati Muhammad ta fito 'yar aikin gidan sarauta. Labarin ba wani sabo ba ne, tatsuniya ta daɗe da saninsa. Waƙar ita ce ta ci kasuwa. Yara suka riƙe ta a lungu, 'yan mata suka kai ta gidan biki, kaset ya yi ta ƙarewa a hannun dillalai. Daga nan masu zuba kuɗi suka gane cewa fim mai waƙa shi ne mai mayar da uwar kuɗi har da riba, sai kowa ya bi.

Ya kamata mai karatu ya san yadda ake wannan sana'a, domin a nan gwanintar mutumin take. Ɗan wasa ba shi yake rera waƙar ba. Mawaƙi irin su Misbahu M. Ahmad ko Fati Nijar shi zai shiga ɗakin ɗaukar murya, makaɗi ya buga masa fiyano ƙirar Yamaha wadda ta maye gurbin kalangu da sarewa, a gama a naɗe. Sa'an nan a ɗebi 'yan wasa a kai su lambu ko bakin ruwa, a saki waƙar, su riƙa motsa baki suna taka rawa daidai da kiɗan. Aron murya ke nan, mai aro kuwa dole ya sa jama'a su manta da mai kaya. Kuskuren ƙiftawar ido tsakanin leɓe da sauti ya isa ya tona asiri. Ali Nuhu ya iya wannan, ya kuma iya tsara takun rawa da koya wa na baya, abin da ya sa da ya koma ba da umarni yaransa suka riƙa fita daban.

Wannan salo daga Indiya aka ɗauko shi, ba a kuwa ɓoye ba. Tun wajen 1960 gidajen silima na Arewa suke nuna finafinan Bambai, har Hausawa suka laƙaba wa Dharmendra suna Sarkin Ƙarfi. Wanda ya tashi yana kallon waɗannan, in ya sami kyamara, abin da ya saba gani zai yi. Mujadala, wanda ya kafa sunan FKD, daga labarin Indiya aka gina shi.

To, a nan fa ake yin ta. Malamai da iyaye da yawa suka ce namiji da mace su tsaya suna rausaya a gaban jama'a ba tarbiyyar Bahaushe ba ce. Masana adabi su kuma suka ce kwaikwayon Indiya ya hana a dubi labarun gida, wannan ƙorafi kuwa yana da ƙamshin gaskiya, don an yi finafinai da dama waɗanda in an cire waƙoƙin ba abin da zai rage sai gaisuwa da kuka. Gwamnatin Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001. A 2007, bayan wani abin kunya da ya girgiza masana'antar, aka dakatar da ɗaukar fim na wata shida, aka naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim shugabancin hukumar. A wannan shekara aka ɗaure Adam A. Zango saboda kundin waƙoƙinsa Bahaushiya. A 2008 aka ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama kan Tsintsiya, wanda aka gina bisa West Side Story, shahararren wasan kiɗa da waƙa na Amurka. Masu shirya fim da yawa suka kwashe kayansu zuwa Kaduna da Jos.

Ali Nuhu bai sa ƙwansa duka a wannan kwando ba. Tun kafin guguwar ya riga ya leƙa Kudu, inda ake fim da Turanci ba rawa ba waƙa. Sitanda ya kawo masa lambar yabo ta Afirka, watau AMAA, a 2007, ya kuma fito a Last Flight to Abuja a 2012. Amma bai saki waƙa ba. A 2017 ya ba da umarnin Mansoor, ya ɗauko mawaƙi Umar M. Shareef ya mai da shi jarumin fim, ya haɗa shi da sabuwar fuska, Maryam Yahaya. Wannan karon mai muryar shi ne mai fuskar, ba aro.

Da kasuwar faifai ta mutu, jama'a suka koma ga finafinai masu dogon zango a YouTube da tashar Arewa24, rawa ta ja baya, zance ya shigo gaba. Nan ma ya bi da shirinsa Alaƙa. A watan Janairu 2024 Shugaba Bola Tinubu ya naɗa shi Manajan Darakta na Hukumar Finafinai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979. Hedkwatarta tana Jos, garin da ya yi ƙuruciya ya kuma yi jami'a, makarantar koyon aikin fim ta ƙasa kuwa tana ƙarƙashinta.