Na'urar numfashin barci: sau nawa ake wanke ta, kuma wane ruwa ake zuba mata?

Akwai minsharin da ba na gajiya ba ne. Mutum yana barci sai maƙogwaronsa ya rufe, numfashi ya tsaya na daƙiƙa 10 ko fiye, sannan ya zabura ya ja iska da ƙarfi. Idan haka na faruwa sau 30 ko fiye cikin awa guda, likitoci na cewa ciwon ya yi tsanani, kuma yana tafiya tare da hawan jini, ciwon zuciya da gyangyaɗi a kan babur ko mota. Wani bincike da mujallar Lancet Respiratory Medicine ta buga a 2019 ya ƙiyasta cewa mutane miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 ne ke da shi a duniya.

Maganin da aka fi sani shi ne wata ƙaramar na'ura da Faransawa ke kira PPC, masu Turanci kuma CPAP. Wani likita ɗan Ostireliya, Colin Sullivan, ya bayyana ta a 1981. Tana jawo iskar ɗaki, ta tace, ta tura ta cikin tiyo zuwa takunkumin da ke kan hanci, don maƙogwaro ya kasance a buɗe har gari ya waye. Da yawa suna da ƙaramin tanki na ruwa da ke ɗumama iskar don kada hanci ya bushe.

Wanda ya samu wannan na'ura a Dumega, ko a Tibiri ko Dogon Dutsi, zai ga takardar da ta zo da ita ta ba shi jadawalin wanki. Jadawalin daidai ne, amma an rubuta shi ne ga ɗakunan da ba su san ƙurar hunturu ba, ba su san zafin watan Afrilu da ke wuce digiri 40 ba.

Ga abin da masu ƙera ta suka fi cewa. Robar da ke taɓa fuska a goge ta ko a wanke ta kowace safiya da ruwa mai ɗumi da sabulu marar ƙamshi. Tankin ruwa a zubar da abin da ya rage kullum, a bar shi ya bushe. Tiyo, tanki da igiyoyin kai a wanke su sosai sau ɗaya a mako, a rataye tiyon a inuwa har ya bushe ciki da waje. Matacin iska iri biyu ne: na soso da ake wankewa, da fari siriri da ake jefarwa, wanda galibi ake canzawa bayan mako biyu zuwa wata guda.

A Arewa, matacin ne farkon abin da ke karya wannan lissafi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙurar da kike sharewa a kan gado da safe ita ce na'urar ke sha dare guda cur. Ƙara hayaƙin turaren wuta da na maganin sauro. A lokacin nan ido ne alƙali: a duba matacin kowane kwana biyu ko uku, in ya yi ja ko toka a wanke ko a canza, ko da kwanakinsa ba su cika ba. Kada a ajiye na'urar a ƙasa ko kusa da taga. A ɗora ta kan ƙaramin tebur, a rufe ta da tsumma mai tsabta da rana.

Amma inda haɗarin ƙwayoyin cuta ya fi yawa shi ne tankin ruwa. Ruwa mai ɗumi da ya kwana ya wuni a rufe, gida ne ga ƙwayoyi irin su Pseudomonas da Legionella, da kuma fumfuna. Ciki yana da sinadarin da ke kashe yawancin abin da muka sha. Hanci da huhu ba su da wannan kariya. Shi ya sa ruwan da za ka sha lafiya lau ba lallai ya dace da tankin ba. Rijiyoyin Dallol Mawri ba su da zurfi a wurare da dama, kuma rijiyar da bakinta ke buɗe komai na iya faɗawa cikinta. Abin da aka fi so shi ne ruwan da aka tace ta hanyar tururi, wanda ake nema a kantin magani. In babu, a tafasa ruwa sosai, a bar shi ya huce a rufe. Tafasawa na kashe ƙwayoyi amma ba ta cire gishirin ruwa, don haka farin ɓawo zai riƙa taruwa a gindin tanki. Jiƙa shi da ruwan binegar kashi ɗaya cikin ruwa kashi uku na rabin awa yana cire shi, sai a ɗauraye sosai. Ruwan batir na wurin makanikai kuwa a bar shi inda yake: ba don huhu aka yi shi ba, kuma ana iya rikita shi da mai asid.

Zabel, giyar goge ciwo da turare duk suna lalata roba kuma ragowarsu na shiga huhu. Haka man shafawa: wanda ke shafa basilin ko man kaɗe saboda hunturu ya wanke fuska kafin ya sa takunkumi, in ba haka ba robar ta yi laushi ta riƙa zubar da iska.

Akwai kuma akwatunan da ake talla a intanet, masu cewa suna tsabtace na'urar da iskar ozon ba tare da ruwa ba. A Fabrairun 2020 hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗi a kansu bayan ƙorafin tari da sarƙewar numfashi. A Yunin 2021 kamfanin Philips ya janye miliyoyin na'urorinsa saboda soson rage ƙara da ke ciki yana marmashewa, kuma zafi, laima da ozon na gaggauta hakan. Mai sayen na hannu ya duba suna da lambar na'urar, ya nuna wa likita. Takunkumi, tiyo da tanki kuwa lallai su zama sababbi, domin ba ka san ko mai su na farko yana da tarin huka ba.

Duk da haka, ciwon huhu mai tsanani da aka tabbatar daga na'urar ba ya da yawa. Abin da aka fi gani shi ne ƙuraje a kan hanci, mura da ba ta ƙarewa, da wari a tiyo. Ajiye na'urar don tsoron datti ya fi datti haɗari, tunda numfashin zai koma tsayawa tun daren farko. Idan ruwa mai kyau ya yanke, yawancin na'urorin na aiki ba tare da tankin ba. A kashe ɗumamar, a kwana da ita haka. Idan kuma zazzaɓi, tari mai majina ko ciwon ƙirji suka zo, a je gidan likita mafi kusa, a gaya wa ma'aikacin cewa ana amfani da na'urar, da kuma irin ruwan da ake zuba mata.