Teburi Da Kanta Domin Kayan Ɗaukar Murya

Sau da yawa idan ikkilisiya ta yi niyyar sayen kayan ɗaukar murya, akan yi watanni ana tara baiko, zumuntar mata ta kawo nata, matasa su yi noman ƙwadago su kawo nasu, sa'an nan a aiki mutum biyu Kaduna su sayo amfilifaya da miksa da lasifika da makirfo. Ran da kayan suka iso kowa murna yake yi. Amma da wuya ka ji wani ya tambayi inda za a ɗora su. Sai a jawo benci ɗaya daga cikin majami'a, ko teburin da ake ƙirga baiko a kansa, a jibga su a kai, wayoyi na jan ƙasa. Kafin damina biyu ƙura ta cika su, zanzaro ya yi gini a ciki, ɓera ya ci waya, wani yaro kuma ya yi tuntuɓe da igiya ya jawo miksa ƙasa. Kuɗin da aka kashe shekara ana tarawa ke nan ya tafi, alhali kuwa abin da zai tsare kayan aikin kafinta ne na kwana uku.

A da can ɗaukar murya ba aikin ƙauye ba ne. Gidan rediyon ELWA ya fara watsa shirye-shirye daga Manrobiya ta ƙasar Laberiya a shekarar 1954, shirye-shiryensa na Hausa kuwa a Jos ake ɗauka a aika. Haka ma Muryar Bishara ta Jos, wadda ake jin shirye-shiryenta ta wata tasha da ke Adis Ababa har zuwa 1977, lokacin da gwamnatin sojan Habasha ta ƙwace tashar. Ƙungiyar mawaƙan da take so a ɗauki waƙarta sai ta shiga mota zuwa birni. Yau kuwa ƙaramar kwamfuta, ko ma wayar hannu mai kyau, da makirfo ɗaya ko biyu sun isa a ɗauki waƙa a cikin ɗakin fasto a Kakangi. A ƙasar Birnin Gwari wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin shekarun tashin hankali sun warwatsa jama'a da yawa, tsofaffin da suka san waƙoƙin sujada na Gbagyi da na Kamuku, waɗanda ba a rubuta su cikin wani littafi ba, wasu suna Kaduna, wasu suna jihar Neja, wasu kuma sun riga mu gidan gaskiya. Waɗanda suka rage a ɗauki muryarsu tun suna nan.

To, bari mu fara da kanta, watau akwatin nan da ake jera na'urori a cikinsa, wanda masu sana'ar suke kira rak. Mai karatu zai lura cewa yawancin amfilifaya da makamantansu suna da kunnuwa biyu a gaba, hagu da dama, kowane kunne da hudoji. Ba ado ba ne. Tun wajen shekarar 1922 kamfanin tarho na AT&T a Amurka ya tsayar da awo guda domin kayansa su riƙa shiga kanta ɗaya, duniya kuma ta bi shi har yau. Faɗin fuskar na'ura daga kunne zuwa kunne inci 19 ne, watau santimita 48 da ɗan ɗoriya. Tsayinta kuwa ana ƙirga shi hawa hawa, kowane hawa inci 1 da uku bisa huɗu. Akwai na'ura mai hawa ɗaya, akwai mai biyu, manyan amfilifaya sukan kai uku. Saboda haka kafin a je wurin kafinta a zauna a ƙirga hawan kayan da ake da su, a ƙara hawa biyu ko uku domin iska da kuma abin da za a saya nan gaba. Kanta mai hawa 10 ta ishi yawancin ikkilisiyoyinmu.

Ga wani lissafi da zai rage ɓarnar katako. Fallen filawud ɗaya ƙafa 8 ne da ƙafa 4, watau inci 96 da inci 48. A nemi mai kaurin uku bisa huɗu na inci, kada a yarda da siririn da ake yi wa silin. A fara yanke saman teburi, inci 60 da inci 30. Gefensa zai bar tsiri mai inci 60 da inci 18, daga nan za a fid da ɗan benen da za a ɗora lasifika a kai, faɗin inci 12 ya isa. Abin da ya rage shi ne yanki mai inci 36 da inci 48. A fid da alluna huɗu daga cikinsa, dukansu awo ɗaya, inci 18 da inci 19 da ɗaya bisa takwas. Biyu su tsaya a gefe, biyu su shiga tsakaninsu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. In an haɗa haka, faɗin cikin zai zama inci 19 da ɗaya bisa takwas, tsayin cikin kuma inci 17 da biyar bisa takwas, watau hawa 10 daidai da ɗan sarari. Zarto zai ci kaɗan daga wajen inci 18 ɗin nan, wannan ba kome, zurfi ne. Amma ɗaya bisa takwas ɗin nan kada a bar kafinta ya ce ai ƙaramin abu ne ya shafe shi. In ya yanke inci 19 cif, na'urar ba za ta shiga ba sai da duka, wadda aka shigar da duka kuwa ran fitarwa sai an fasa akwatin.

A bakin akwatin daga ciki za a kafa sanduna biyu na katako mai tauri a tsaye, su ne za a ɗaure kunnuwan na'urori a jikinsu. Kaurin kowace sanda kada ya wuce biyar bisa takwas na inci, domin tazarar da ke tsakaninsu ba ta gaza inci 17 da uku bisa huɗu ba, in ba haka ba jikin na'urar ba zai wuce ba. A huda ramin sukuru tukuna kafin a murɗa, don kada sandar ta tsage. Wanda yake da hali ya sa mai walda ya yi masa sandunan da ƙarfe mai kusurwa; a kasuwar Panteka ta Kaduna wannan aikin rabin yini ne. Shawarata dai ita ce a ɗauki na'ura ɗaya a kai wa kafinta ya gwada da hannunsa. Awon da aka faɗa da baki yakan canja tsakanin majami'a da shago.

Wajen jerawa, mai nauyi shi ne a ƙasa. Amfilifaya kada a bar kunnuwansa kaɗai su ɗauke shi, a sa masa katako ya tokare shi ta baya. A bar hawa ɗaya babu kome a bisansa, gama zafi sama yake tashi, a watan Maris da Afrilu kuwa ɗakin kwano ba ya bukatar a ƙara masa wuta. Na sha ganin an rufe bayan kanta ruf da katako wai don ƙura. Wannan dafa kayan ne kawai. A rufe bayan da ragar waya irin ta taga, iska ta wuce, ɓera da zanzaro su tsaya a waje. Maganin ƙurar hunturu kuwa zane ne da za a lulluɓa bayan an kashe kayan sun huce.

Ƙafafun teburi da firam ɗinsa su ne suke bukatar katako na sosai, mu kuwa a bakin daji muke, kowa ya san itatuwan. Kawo ya fi duka: yana da nauyi, gara ba ta cika damunsa ba, ba ya kuma yawan motsi in yanayi ya juya. Madaci yana biye da shi, ya kuma fi sauƙin aiki. Malaina ba ta da nauyi, ta dace da teburin da za a riƙa ɗauka. Maje yana da ƙaro, ba ya kuma jure wa ƙwari, doka ma sai an sa mata magani. Amma a nan akwai abin dubawa. Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 aka kuma mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999, mai faɗin murabba'in kilomita fiye da 1,100, doka ta hana sare itace a cikinsa. Madobiya kuma an yi mata irin saran da ya sa tun 2017 aka shigar da ita cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta sa wa ido wajen ciniki, saboda yadda ake lodinta zuwa ƙasar Sin. A 2022 aka ƙara kawo da madaci a jerin. Bai kamata teburin ikkilisiya ya fito daga katakon da ba a san hanyarsa ba.

Akwai kuwa katakon da ya fi na kasuwa, yana nan jingine a bayan majami'u da yawa: tsofaffin bencina da ƙyauren da aka cire. Dalili shi ne sun bushe. Katako yana shan laima da damina ya kumbura, da hunturu ya saki ya tsuke, motsin nan kuwa ta faɗi yake yinsa, ba ta tsawo ba. Allo mai faɗin ƙafa 2 yana iya motsawa kusan santimita 1 tsakanin watan Agusta da na Janairu, ɗanyen katako kuma ya fi haka nesa. Shi ya sa teburin da aka yi da sabon yanka yakan buɗe baki ko ya karkace kafin Kirsimeti. Filawud ba ya yin haka domin an manne fallayensa ne a gicciye, shi ya sa muka ba shi sama da kanta. Abokin gabansa ruwa ne. A shafe shi da fenti ko banish har bakin yankan, a kuma ɗaga kanta daga daɓe a kan bulo ko gajerun ƙafafu, saboda laima da gara.

Tsayin teburi daga ƙasa ya zama inci 28 zuwa 30. In miksa mai kauri ce a ɗauki 28, domin mai aiki ya ɗora hannu ba tare da ya ɗaga kafaɗa ba. Wanda zai zauna awa huɗu yana gyaran waƙar zumuntar mata zai gane amfanin inci biyun nan. Lasifikan saurare biyu su kasance daidai kunnen mutum in yana zaune, nisan da ke tsakaninsu kuma ya yi daidai da nisan kowannensu zuwa kansa, kamar duwatsun murhu. Mita 1 ko fiye kaɗan ya yi. A sa musu soso ko robar tsohon silifa a ƙarƙashi, in ba haka ba teburin zai riƙa rawa tare da ganga, mai saurare ya ɗauka waƙar ce ta yi nauyi ya rage abin da bai kamata ya rage ba. Kada kuma a cusa teburin a lungu, nan ne ƙarar ganga take taruwa.

A huda ramuka biyu a bayan teburin, ɗaya a hagu ɗaya a dama. Wayoyin wuta su bi ta ɗaya, na makirfo su bi ta ɗayan. In suka kwanta tare, gurnanin nan da ake ji a lasifika yakan shiga cikin abin da aka ɗauka, fitar da shi kuwa wuya ne. Inda ya zama dole su haɗu, su gicciye juna. Janareta a kai shi nesa da doguwar waya. Masu sola sun huta da ƙara, amma batir da inbata kada su shiga cikin kanta: fankar inbata tana shiga makirfo, batir mai ruwa kuma yana fid da iska mai kama wuta lokacin da yake caji.

Game da ɗakin kansa, ginin ƙasa mai rufin azara ya fi na siminti da kwano, wanda in ruwa ya sauko sai dai a tashi. A tsaya a tsakiya a tafa hannu sau ɗaya. In an ji amsa-kuwwa, a rataya barguna da tabarmi masu kauri, a jingina katifa a bangon da ke bayan mai waƙa. Kwalin ƙwai da wasu suke mannawa a bango amfaninsa kaɗan ne ƙwarai, sai dai ya tara kyankyaso.

Sauran abu guda da littattafan Turawa ba za su gaya mana ba, domin ba su san hanyar Birnin Gwari ba. Ko da yake an yi sulhu a watan Nuwamba na 2024 har kasuwar shanu ta sāke buɗewa, duk wanda ya zauna a yankin nan ya san akwai ranar da aka bar gida ba shiri. Don haka a yi kayan yadda za a iya kwance su. Ƙafafun teburi a ɗaure su da noti, ba ƙusa da gam ba, a rataye sifana a jikin firam ɗin don kada a neme ta a rasa. Kanta a sa mata mariƙi biyu masu ƙarfi a gefe da murfin gaba mai ƙugiya, girmanta kuma kada ya wuce abin da za a ɗaure a bayan babur. In kayan sun fi hawa 10, gara a yi ƙananan kantoci biyu da a yi babba ɗaya da sai mutum huɗu. Waƙoƙin da aka ɗauka kuma a kwafe su a katin memori biyu, a rubuta sunan mai waƙa da ƙauyensa da ranar da aka ɗauka a cikin littafi, kati ɗaya ya zauna wurin sakataren ikkilisiya, ɗayan a aika wa 'yan'uwa a Kaduna duk ƙarshen wata.